Bashin Taki da Saƙon Ranar Litinin

A bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Aliero ya faɗo Jega, akwai wani dattijo da ake kira Alhaji, mai shagon taki da iri da maganin feshi. Jega mahaɗa ce, kasuwarta ta yi suna tun ƙarni na 19, kuma a nan hanya take rabuwa, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta yi kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri. Don haka Alhaji kasuwa biyu yake ci. Da rani manoman albasa na Aliero ne ke cika masa shago, idan hadari ya fara haɗuwa kuma sai masu gero da dawa na Maiyama su karɓe su. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, masu fadama ma suka ƙaru a cikin mutanensa.

Rabin cinikin nan bashi ne, kuma duk yana cikin wani littafi mai baƙin bango wanda gefensa ya lanƙwashe, takardunsa suka yi ja saboda ƙura. Suna da kuɗi da boko ake rubuta su. Amma a gefen kowane suna Alhaji yakan ɗan soka wasu kalmomi da ajami, ƙanana ƙwarai, waɗanda shi kaɗai ya damu da su: wannan surukin wane ne, wancan ba ya son a aika masa yaro, wannan an yi masa rasuwa, wancan sai ya sayar da albasa.

A 2023 ɗan ƙanensa ya gama bautar ƙasa ya dawo gida. A jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya yi karatu, yaro ne mai hankali da son aiki. Kwana kaɗan da zamansa a shagon ya ce, "Baffa, littafin nan ran da ruwa ya taɓa shi mun shiga uku. Akwai manhajar da za ta riƙe mana sunan kowa da lambarsa da abin da ya saya, kuma ta riƙa aika musu saƙo da kanta."

"Da kanta?" in ji Alhaji. "To, mi ta sani game da mutanena?"

"Abin da muka gaya mata."

Alhaji ya yi shiru, can ya ce ya gwada.

Yaron ya shiga intanet ya duba manyan da ake yayi, irin su HubSpot da Mailchimp na Amurka da Zoho ta Indiya da wasu da dama, ya zaɓi wadda ta fi yawan abubuwa a cikin duk da ya gani. Da dala ake biyanta kowane wata. A lokacin bankuna da yawa sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira, sai da ya bi ta hannun wani abokinsa. Ya yi mako guda yana kwafe littafin: suna, lamba, gari, kuɗin da ake bi. Rubutun ajamin gefe kuwa ya tsallake shi, don babu gurbin da aka tanadar masa.

Ba laifin manhajojin nan ba ne, gaskiya. An gina su ne don mai shagon da masu sayen kayansa ke da imel, suna buɗe shi safe da yamma. A cikin mutanen Alhaji da wuya ka ƙirga goma masu buɗe imel, da yawansu ma ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa. Da yaron ya ga haka sai ya haɗa manhajar da masu tura saƙon tes da yawa a lokaci guda, ya kafa mata doka: kaya ya iso a sanar da kowa, wanda bashinsa ya haura kwana 90 kuma a tuna masa duk Litinin. Ya bar saƙonnin da Turanci yadda ya same su.

Wasu saƙonnin ba su ma isa ba, domin tun 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa ta ba mutane lambar 2442 da za su toshe saƙon talla da ita. Waɗanda suka isa kuma sun isa inda bai kamata ba. Mutumin Maiyama yana neman maganin ciyawa, sai ga saƙon irin albasa. Wannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba a Aliero ya faru.

Akwai wani malami manomi da suka shekara fiye da ashirin suna hulɗa da Alhaji. Ya ɗauki taki bashi a farkon rani, albasa ta yi kyau, amma ya cire ta daidai lokacin da takardun kuɗi suka ɓace a farkon 2023, bayan canjin fasalin naira. 'Yan kasuwa suka yi ta taya ta da arha, ya ƙi, ya zuba ta a rudu yana jiran ta yi daraja. Damina ta sauka, laima ta shige ta, fiye da rabi ta ruɓe. Ya zo Jega ya faɗa wa Alhaji da bakinsa, Alhaji ya ce, "Malam, Allah ya mayar da alheri. A bar maganar sai wata albasar." Ya ɗauki biro ya rubuta hakan da ajami a gefen sunansa.

Wata Litinin bayan la'asar, Malam yana zaune a majalisa ƙofar masallaci, wayarsa ta yi ƙara. Ba ya karatun boko, sai ya miƙa wa wani saurayi. Saurayin bai yi tunani ba, ya karanta da ƙarfi, ya fassara: wai shagon Alhaji na Jega na sanar da shi bashinsa ya wuce lokaci, ga adadin, ya gaggauta biya. Majalisa ta yi tsit. A cikin masu zaman har da mutumin da ɗansa ke neman 'yar Malam.

Malam ya karɓi wayarsa ya sa aljihu. Litinin ta zagayo, saƙo ya sake shigowa. Bai ba kowa ya karanta ba, ya riga ya gane shi da ido. Da na huɗu ya shigo, ya kwance ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya kai kasuwa, a tsakiyar damina.

Ya iso shagon da hantsi, ya yi sallama, ya ƙi zama. Ya zaro kuɗi daga aljihun 'yar ciki ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a kan buhun taki.

"Alhaji, ga haƙƙinka. Ka ce wa wayarka ta bar ni haka nan."

"Wace waya, Malam? Ba mun yi da kai sai wata albasar ba?"

"Haka muka yi da kai. Ita ba ta ji ba."

Bayan ya tafi, Alhaji ya buɗe littafin, ya kira yaron, ya ɗora yatsa a kan ajamin. "Karanta min wanga." Yaron ya yi makarantar allo, ya karanta sarai. Idonsa ya cika da ƙwalla.

Washegari suka tafi Aliero tare, da goro da kuɗin a aljihun Alhaji. Yaron ya durƙusa ya ce shi ne da laifi. Malam ya ce ba komai, ya wuce, ya sa masa albarka. Kuɗin dai ya ƙi karɓa. Da rani ya kama kuma, a wani shago ya sayi takinsa, shi da 'ya'yansa da ƙannensa.

Yaron ya kashe saƙon bashi tun ranar, amma ya ci gaba da biyan manhajar, yana jin kunyar a ce ya kasa. Kasuwa ce ta raba gardama. Gwamnati ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin wata ya ninka ba tare da an ƙara sayar da ko mudun iri ba saboda manhajar.

Wani dare bayan sun rufe shago Alhaji ya zaunar da shi. "Ɗana, ban ce a koma jiya ba. Gaskiyarka, littafi yana iya jiƙewa. Amma ka fara da mutanen, sannan ka nemo abin da ya dace da su. A ina suke jin magana? Da wane harshe? In mun fasa, sunayen za su biyo mu ko sun zama na masu abin? Kuma kuɗinsa naira ne ko dala?"

Yaron ya fara sauke jerin sunayen duka zuwa kwamfutarsa, sannan ya daina biya. Ya buɗe jadawali mai sauƙi, ya ƙara masa gurbi mai faɗi, Alhaji yana karanto ajamin yana rubutawa, ya kuma ajiye kwafi a asusun Google don ko kwamfutar ta ɓata. Ya sa WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce, ya raba mutane da lakabi: masu albasa, masu damina, masu fadama. Jerin aika saƙo ɗaya ba ya wuce mutum 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu. Ya ɗauka cikas ne, ashe gata ne, don ya tilasta masa tambayar kowa ko yana so kafin ya sa shi, abin da ya dace da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023.

Yanzu idan iri ya iso, Alhaji ne ke riƙe wayar ya yi saƙon murya da Hausa, ya gaishe su, ya faɗi farashi, a tura wa waɗanda abin ya shafa kawai. Masu ƙaramar waya kiransu ake yi. Abu ɗaya aka bar wa na'ura ta yi da kanta, wato amsa wanda ya rubuto cikin dare cewa an tashi sai da safe. Maganar bashi kuwa ba ta ƙara bi ta waya ba. Alhaji ne ke shiga mota ya je Aliero ko Maiyama da kansa, yaron yana riƙe masa littafi.