Fushin Ɗan Kallo da Hukuncin Mai Horarwa

Daga cikin abubuwan da ke jan hankalin mai nazarin halayen ɗan Adam a wannan zamani, akwai irin fushin da kan turnuƙe masoya ƙwallon ƙafa a duk lokacin da ƙungiyarsu ta shige gaba da ci, sa'an nan aka zo aka farke, ko ma reshe ya juye da mujiya. Shan kashi tun daga farkon wasa abu ne da ɗan kallo kan haɗiye, ya ce yau ba sa'a. Amma nasarar da aka riƙe a hannu ta suɓuce, wannan ciwo ne na daban, kuma kusan kullum mutum guda ake rataya wa laifin, wato mai horarwa. A fadojin shayi na Yamai da Damagaram, da gidajen kallon ƙwallo na Maraɗi da Tawa, hukunci kan fita tun alƙalin wasa bai sauke usur daga baki ba: ya cire wanda bai kamata ba, ya ja da baya da wuri, bai san aikinsa ba, a kore shi. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: shin adalci ne a auna shawarar mutum da abin da ta haifar, ko kuwa da abin da ya sani a lokacin da ya yanke ta?

Misali mafi bayyana a tarihin ƙwallon Afirka ya faru ranar 10 ga Janairu 2010, a birnin Luwanda, a wasan buɗe gasar cin kofin nahiyar, tsakanin Angola mai masaukin baƙi da Mali. Flávio ya ci wa Angola biyu kafin hutun rabin lokaci, Gilberto da Manucho suka ƙara biyu da bugun fanareti. Har zuwa minti na 78 Angola na da 4, Mali ba ta da ko ɗaya. A minti na 79 Seydou Keita ya rama ɗaya, a minti na 88 Frédéric Kanouté ya ƙara, sa'an nan cikin ƴan mintocin da aka ƙara Keita ya sake ci, Mustapha Yatabaré ya cike na huɗu. Aka tashi 4 da 4. Mai horar da Angola a wannan dare shi ne Manuel José, ɗan ƙasar Fotugal, wanda kafin nan ya ɗauki kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka sau huɗu tare da Al Ahly ta Masar. Mai horar da Mali kuwa shi ne Stephen Keshi, ɗan Najeriya.

Wanda ya yi hukunci da daren nan kaɗai zai ce José ya kasa, Keshi gwani ne. To amma abin da ya biyo baya ya rikita wannan hukunci. Angola ce ta zo ta ɗaya a rukunin, ta wuce zagaye na gaba, inda Gana ta fitar da ita da ci ɗaya. Mali kuwa ba ta fita daga rukuni ba, kuma aka sallami Keshi. Bayan shekara uku, a 2013, wannan Keshin da aka sallama shi ne ya ɗauki kofin Afirka tare da Najeriya. Akwai kuma wani abin lura: Keita a benci ya fara wasan, daga baya aka sa shi. Da an tashi 4 da nema, da an ce Keshi ya yi ganganci da ya ajiye babban ɗan wasansa. Da yake Keita ya ci biyu, sai abin ya koma basirar mai horarwa da ya san lokacin canji. Shawarar ba ta canja ba, sunan da aka ba ta ne ya canja, kuma abin da ya canja shi ya faru ne bayan an riga an yanke ta.

Kafin a zargi ɗan kallo, ya kamata a fahimci tushen ciwonsa. A shekarar 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna cewa zafin asarar abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa ƙarfi a zuciyar mutum. Wanda ya tsinci jaka biyar ya yi murna, amma wanda jaka biyar ta faɗi daga aljihunsa ya fi shi jin abin. Ɗan kallon da ƙungiyarsa ke gaba da ci huɗu ya riga ya sa nasara a aljihu, ya fara shirya abin da zai gaya wa abokan hamayya gobe. Idan aka farke, a kan takarda maki guda ya samu, amma a zuciyarsa maki biyu aka sace masa. Inda aka yi sata kuwa, dole a nemi ɓarawo. Kowa ya san cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, sai dai karin maganar kan ɓace daga kai da zarar ƙwallo ta shiga ragar abokin karawa sau biyu.

Shi kuwa mai horarwa, idan yana gaba da ci, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko ya ja ƴan wasansa baya su tsare abin da suka samu, wanda hakan kan ba abokin karawa ƙwallo da fili, ko ya bar su su ci gaba da kai hari, wanda hakan kan bar bayansu a buɗe. Gaba kura ne, baya sayaki. Abin da ya sami Akira Nishino, mai horar da Japan a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, ya isa hujja. Ranar 28 ga Yuni, Polan na cin Japan ɗaya da nema, sai ya sa ƴan wasansa suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo a bayansu har aka tashi, domin lissafi ya nuna cewa a haka za su wuce Senegal da ƙarancin katin gargaɗi. Suka wuce, amma ƴan kallo suka yi musu ihu, aka kira abin tsoro. Bayan kwana huɗu, ranar 2 ga Yuli, Japan ta shige gaban Beljiyam da ci 2, aka farke mata, kuma a mintin ƙarshe, maimakon ta riƙe ƙwallo a tafi ƙarin lokaci, sai ta buga kwana tana neman na uku. Mai tsaron gidan Beljiyam ya cafke, aka ruga da ƙwallon, Nacer Chadli ya ci. Wannan karon aka kira abin wauta. Cikin mako guda an zargi mutum ɗaya da yawan taka-tsantsan, an kuma zarge shi da rashinsa.

Masana sun daɗe da gano wannan rauni a tunanin ɗan Adam. A 1975 Baruch Fischhoff ya nuna cewa idan aka gaya wa mutum yadda wani lamari ya ƙare, sai ya riƙa ganin cewa dama a fili yake haka zai ƙare. A 1988 kuma Jonathan Baron da John Hershey suka ba mutane labarin likitan da ya yanke shawarar yin tiyata, da bayanai iri ɗaya a hannunsa. Idan aka ce majinyacin ya rayu, sai a yaba shawarar, idan aka ce ya mutu, sai a rage mata daraja. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da cewa da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Ɗan kallo yana magana ne daga ƙeya, yana da labarin minti na 90. Mai horarwa ya yanke shawararsa a minti na 70, a tsaye a bakin fili, bai san wanda zai zame ba, bai san ƙwallon da za ta bugi ƙarfe ta dawo ba.

Wasu malaman falsafar Girka na dā sun buga misali da maharbi, kuma Cicéron, marubucin Rum, ya kawo misalin. Aikin maharbi shi ne ya zaɓi kibiya mai kyau, ya ja baka yadda ya kamata, ya saita, ya saki. Da zarar kibiya ta bar tsirkiya ta fita daga ikonsa: iska na iya kaɗa ta, abin harbi na iya gocewa. Saboda haka gwanintarsa tana cikin saitin. A 1976 Bernard Williams da Thomas Nagel suka sake tayar da maganar, suka nuna cewa ko da yake mutane sun yarda ba a kama mutum da abin da ya fi ƙarfinsa, a aikace kullum suna yin haka: direbobi biyu su yi sakaci iri ɗaya, yaro ya gitta a gaban ɗaya kaɗai, shi ne zai zama mai kisa. Ƙwallon ƙafa kuwa wasa ne da ci ke da wuya a cikinsa, wasanni da yawa ƙwallo ɗaya ke raba su, don haka rabon sa'a a cikinsa babba ne.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da hujja mai nauyi. Zai ce ai don sakamako ake biyan mai horarwa kuɗi masu yawa, kuma wanda ya karɓi yabo ranar nasara ba shi da bakin kuka da sa'a ranar faɗuwa. Zai kawo misalin Kodibuwa a gasar Afirka da aka buga a farkon 2024: bayan Gini Ikwatoriyal ta ci ta 4 da nema a gida, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, kuma ya ɗauki kofin. Ashe kenan fushi da kora suna da amfani.

Wannan misali, in an dube shi da kyau, yana koyar da wani abu daban. Kodibuwa ta tsallake rukuni ne saboda Maroko ta ci Zambiya a wani wasan da Faé ba shi da hannu a ciki. Bayan haka, sau uku tana baya tana dawowa. Senegal ta shige gaba tun minti na 4, aka farke a minti na 86, aka fitar da ita a bugun fanareti. Mali ta shige gaba, Kodibuwa na da mutum goma a fili, aka farke a minti na 90, aka ci ta a ƙarshen ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe, ranar 11 ga Fabrairu, Najeriya ta fara ci, aka tashi 2 da 1. Abin da Abijan ta kira jarunta, shi ne Dakar da Bamako da Legas suka kira zubar da nasara. Shin Aliou Cissé, wanda ya ba Senegal kofinta na farko a 2022, ya manta aikinsa ne cikin shekara biyu? Duk ɗan kallon da ya ɗora komai a kan mai horar da ƙungiyarsa ya yi zalunci biyu: ya ɗora wa nasa abin da ba nasa ba ne duka, ya kuma hana abokin karawa haƙƙin ƙoƙarinsa, kamar a ce mutum goma sha ɗaya na ɗaya gefen gumaka ne.

Duk da haka, fushin ɗan kallo yana da haƙƙinsa. Shi ya sayi tikiti, shi ya hana idonsa barci, kuma da sunan garinsa ko ƙasarsa ake wasan. Mai horarwa amana ya ɗauka, kuma mai riƙon amana ana tambayarsa. Lokacin da Najeriya ta ci Saliyo 4 cikin rabin sa'a a birnin Benin, a watan Nuwamba 2020, aka kuma tashi 4 da 4, masoya sun yi daidai da suka nemi bayani daga Gernot Rohr, wanda ƴan Nijar suka sani tun yana horar da Mena daga 2012 zuwa 2014. Tambayoyin da suka dace a irin wannan hali sanannu ne. Me ya sani a lokacin da ya yi canjin, game da gajiya da rauni da ƙarfin abokin karawa? Wane dalili ya sa ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan? Abin ya faru sau ɗaya ne, ko kuwa ya zama al'adar ƙungiyar ta watse a mintocin ƙarshe? Wasa ɗaya ba ya tabbatar da komai, amma kuskuren da ke maimaita kansa cikin wasanni ashirin ya fita daga hannun sa'a, ya zama na mai horarwa. Wanda kuma ya ƙi bayani, ko ya tura laifin kan ƴan wasansa, ya ci amanar ko da shawararsa ta yi daidai.

Idan fushi ya tsallake tambaya ya tafi kai tsaye ga hukunci, ƙarshensa ba ya kyau. Ranar 16 ga Yuli 1950, a filin Marakana, Burazil na buƙatar kunnen doki kawai ta ɗauki kofin duniya. Ta fara ci, Urugwai ta farke ta kuma ƙara. Mai tsaron gida Moacir Barbosa ya ɗauki wannan laifi a kansa shekara hamsin, har ya rasu a shekarar 2000, saboda ƙwallo guda da ta wuce ta gefensa.

Filin wasa makaranta ce ta koyon hukunci, domin nan ne yara da matasa suke fara jin manya suna yanke wa mutum shari'a. Wanda ya saba auna mai horarwa da mintin ƙarshe kaɗai, da wannan mudun zai auna likita, da malamin da ɗalibansa suka faɗi jarrabawa, da manomin da ya yi shuka da ruwan farko sa'an nan sama ta ɗauke. Manomin nan, da ruwa ya ci gaba, da an ce ya riga kowa. Adalci a gare shi, da ga mai horarwa, shi ne a fara tambayar abin da ya gani a sararin sama ranar da ya fita da irinsa, kafin a leƙa rumbunsa.