Ƙazantar da Ido Ba Ya Gani

Ya mai karatu, watakila kana da ɗa ko ƙane wanda ya taɓa zuwa neman abinci a Arlit, arewa da Agadas. An kafa garin nan a 1969 saboda ma'adinin yuraniyom da ke ƙarƙashin hamada. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitad da shi a 1971, kamfanin COMINAK kuma ya bi baya a Akokan a 1978, har aka rufe raminsa a 2021.

Yuraniyom yana fitad da wani irin tururi mai cutar jiki sannu a hankali. Ba shi da launi, ba shi da wari. A shekara ta 2003 waɗansu masana daga Faransa suka zo Arlit da na'urar awo, suka tarar waɗansu tsofaffin ƙarafa da a ke sayarwa a kasuwa suna fitad da tururin nan. Mai saye ya kan duba ƙarfe, ya ƙwanƙwasa, ya ce mai kyau ne, ya kai gida. Abin kuwa ya fi ƙarfin idonsa. Sai na'ura ce ta tona.

Ɗan'uwa, haka zunubi ya ke, musamman girman kai. Mutum ya kan zo sujada da farar riga, ya yi baiko, ya raira waƙa, zuciyarsa kuwa cike da raini da ƙyashi. Maƙwabta suna yabonsa, shi ma yana yabon kansa. Amma Allah yana da nasa ma'auni. Wahayin Yahaya 21:27 ya nuna mana babu wani abu mai ƙazanta da zai shiga birnin Allah. Ibraniyawa 12:14 kuma ta gargaɗe mu, wanda ba shi da tsarki ba zai ga Ubangiji ba.

To, wane ne zai shiga? Ka buɗe Luka 18:9-14. Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka je Haikali yin addu'a. Bafarisiye ya auna kansa da maƙwabcinsa, ya lissafa azuminsa da zakarsa, ya ga ba shi da aibi. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga kai, ya roƙi jinƙai. Shi ne ya koma gida a gafarce, ɗayan ya koma da kayansa.

Ka ga ma'anar tawali'u ke nan: mutum ya bar auna kansa da na kusa da shi, ya yarda da abin da ma'aunin Allah ya nuna. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ɓoye dauɗarsa, da ita zai koma. Mu kuwa ba mu da sabulun da zai kai cikin zuciya. Saboda haka Yesu Almasihu ya ƙasƙantar da kansa, ya mutu a kan gicciye, ya tashi, domin jininsa ya wanke dukan mai tuba.

Watakila ka ce, "Ashe aikin kirki banza ne?" A'a. Aikin kirki ba ya sayen Sama, amma wanda aka wanke, halinsa zai nuna. Ba zai tauye mudu ba. Ba zai ci iyakar gonar maƙwabci ba. In ya ɓata wa matarsa rai, zai ce, "Na yi laifi, ki gafarta mini," ko da yara suna ji. Tsarki a cikin gida ya ke farawa.

Mutanen Arlit sun ga an rufe ramin Akokan bayan shekara 43 ana haƙa. Aiki ya kan ƙare, rai ma haka, ba ka kuwa san ranarka ba. Daren yau ka tara iyalinka, ku karanta misalin nan, ku durƙusa. Ka ce, "Ya Ubangiji, ka san abin da ke cikina wanda mutane ba su gani. Ba ni da abin fahariya. Ka wanke ni saboda Yesu. Amin."