Saɓanin Abubakar da Umar a Kan Khalid

Idan manyan wata ma'aikata suka rabu biyu a kan abokin aikinsu, wasu suna cewa ya isa a ba shi shugabanci, wasu suna cewa da sauransa, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne akwai mai hassada a ciki. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ɓangarorin biyu sun san mutumin sarai, kuma da za a tambaye su halinsa amsa ɗaya za su bayar. Inda suka rabu shi ne abin da kujerar ke bukata a wannan lokaci, da kuma halin wanda zai riƙe shi daga sama.

Babu inda wannan ya fito fili kamar batun Khalid bin Walid. A yaƙin ridda, cikin shekarar 632, an kashe Malik bin Nuwaira a hannun rundunarsa, alhali sojojin ma sun saɓa a kan ko mutumin ya bar Musulunci. Sayyidina Umar ya tsaya kai da fata a sauke Khalid. Sayyidina Abubakar ya kira shi Madina, ya ji ta bakinsa, ya ɗauki abin a matsayin kuskuren fahimta, ya biya diyya, ya mayar da shi fagen fama. Daga nan Khalid ya karya Musailama a Yamama, ya shiga Iraƙi, ya tsallaka Sham. Da Umar ya hau halifanci a 634 sai ya ɗora Abu Ubaida bin Jarrah a kan Khalid, a 638 kuma ya sauke shi gaba ɗaya. Abubakar bai taɓa cewa Khalid ba shi da gaggawa ba, Umar kuma bai taɓa musun cewa gwanin yaƙi ne ba.

Ibn Taimiyya, a littafinsa kan siyasar shari'a, ya ɗora shugabanci a kan abu biyu, ƙarfi da amana, yana kafa hujja da labarin Annabi Musa a Suratul Ƙasas, ya kuma ce ba kasafai suke cika a mutum ɗaya ba. Shi ya sa Manzon Allah (SAW) ya hana Abu Zarr muƙami duk da gaskiyarsa da tsoron Allahnsa, saboda ya ga rauni a tare da shi ta wannan fuska. Malamin ya kuma lura da wani abu da na fi ganin nauyinsa: Abubakar mai sanyin hali ne, sai mataimaki mai zafi ya dace da shi, Umar mai zafi ne, sai ya nemi Abu Ubaida mai sanyi. A ƙara da cewa aikin ma ya sauya. A 632 ƙabilu ne suka yi tawaye, ana neman mai kashe wutar cikin hanzari. A 638 garuruwa ne a hannu, ga dukiyar baitulmali da za a yi wa lissafi, kuma Khalid mai sakin hannu ne. Kyautar dirhami 10,000 da ya yi wa Ash'as bin Ƙais tana cikin abubuwan da Umar ya tuhume shi a kai.

Wani zai ce ai dole ɗayansu ya yi kuskure, tunda mutum ɗaya ba zai cancanta kuma ya kasa cancanta ba. Hakan zai yi daidai ne da a ce tambaya ɗaya aka yi musu a rana ɗaya. Inda suka haɗu a rana ɗaya, wato batun Malik, lallai ijtihadi biyu ne suka yi karo, kuma na mai riƙe da ragama aka bi. Umar ya faɗi nasa, ya haƙura har Abubakar ya rasu, bai koma gefe yana zuga sojoji ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne wannan bayani zai zama mafaka ga duk manajan da ke ƙin wani, ya ce shi dai hali ne bai zo ɗaya ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ba na jin akwai ƙa'idar da za ta toshe shi ɗungurungum, domin zuciya Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta. Sai dai ana iya duba abin da ya fito fili: shin mai sukar ya ambaci dalilin da ya shafi aikin, wanda za a iya bincikawa, ko kuwa "ni dai bai kwanta mini ba" ce kawai? Kuma bayan an hana mutumin kujerar, an bar masa mutuncinsa? Umar ya kira Khalid ya yi masa lissafin dukiya gaba da gaba, sannan, kamar yadda Ɗabari ya ruwaito, ya rubuta wa garuruwa cewa ba don fushi ko ha'inci ya sauke shi ba, tsoro ya ji kada mutane su jingina nasara gare shi su manta da Allah. Mai son Khalid yana iya ganin dalilin bai kai a ajiye irin wannan kwamanda ba, amma aƙalla an ba shi dalilin da zai yi jayayya da shi.