Alherin da Ba a Ramawa

Duk wanda ya bi hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa da la'asar zai ga tsattsewa suna shawagi a sama. Ba a cin namansu, ba a sayar da ƙwansu. To, in ɗan tsattsewa ya faɗo daga sheƙa, ko ya wajaba mutum ya tsaya ya wahala dominsa?

Tsuntsun nan abin mamaki ne. A sama yake cin ƙwari, a sama yake kurɓar ruwa. Wani iri yakan liƙa sheƙarsa da miyau a ganyen giginya, wani a ƙarƙashin gada. Akwai kuma mai zuwa daga Turai, wanda masanan Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka tabbatar a 2016 yakan yi wata goma bai sauka ba. Amma ƙafafunsa gajeru ne ƙwarai, in ƙaraminsa ya faɗi ƙasa da wuya ya tashi, sai kyanwa ko yara su same shi.

A Ingila wani masani, David Lack, ya fara nazarinsu a hasumiyar gidan tarihi na Okasfod a 1948, har yau kuwa ba a daina ba. Da sababbin gine-gine suka toshe musu ramuka, yawansu ya ragu, sai waɗansu mutane suka shiga kafa musu akwatunan sheƙa, suna ciyar da waɗanda suka faɗo da ƙwari har su yi fiffike. Ba mai biyansu ko anini.

Wani zai ce, mutane na fama da yunwa, ina zancen tsuntsu? Maganarsa da nauyi, gama ɗan Adam ne gaba. Amma tausayi ba hatsi ba ne da zai ƙare in an ɗiba. Yaron da aka hana harbin sheƙa da danƙo, shi ne gobe zai ji ƙan maraya.

Hukuma ta keɓe dajin Falgore domin namun daji, ta sa ma'aikata tsaro. Tsattsewa kuwa ba ta da mai gadi, don cikin mutane take zaune. Watau amanarta tana wuyan mai giginya a Kiru da mai gida a Bebeji. Abin da ake bukata kaɗan ne: a bar sheƙa sai 'ya'ya sun tashi, wanda ya faɗo a sa shi a kwali a inuwa, kada a ba shi tuwo ko gero, gama ƙwari kaɗai yake ci.

Wanda ya kyauta wa mai iya rama masa, ciniki ya yi. Tsattsewa kuwa in ta tashi ba ta waiwaye, shi ya sa alherin da aka yi mata yake nuna ainihin halin mai shi.