Kifin Gulbi Halal Ne, To Hanyar Kama Shi Fa?

 'Yan uwana mata, yau ina so mu tattauna a kan wani abu da yake shiga tukunyarmu kullum amma ba mu cika tsayawa mu yi tunani a kansa ba, wato kifi.

Abin da ya jawo wannan rubutu laifina ne. Wata ranar Alhamis da babu makaranta, ɗan yayata da ke zaune wurina ya ce min, "Gwaggo, ki ba ni tsohon gidan sauron nan za mu tafi tafki da abokaina." Ban kawo komai a raina ba na miƙa masa, don a ganina wasan yara ne. Da la'asar sai ga shi da bokiti cike da 'yan kifaye, kowane bai kai ɗan yatsa ba. Muka tsince abin da za a iya soyawa, sauran kuwa kafin gari ya waye sun yi wari, aka zubar a juji. Surukata tana zaune tana kallonmu, sai ta girgiza kai ta ce, "Ɗiyata, wanga ba kihi na ba, ɗiyan kihi na. Mu da muna yara, in an kamo irinsu mai da su ruwa akai." Wallahi kunya ta rufe ni.

Bayan 'yan kwanaki kuma, a ajin matan aure, wata ɗaliba ta tambaye ni: "Malama, kifin da aka kama da magani ya halatta a ci?" Na yi saurin cewa ai kifi ba ya buƙatar yanka, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka karantar da mu. Da na koma gida sai na gane na amsa rabin tambayar ne. Na yi magana a kan kifin, ban ce komai ba a kan hannun da ya zuba maganin, da mutanen da ke shan ruwan, da mu da muke saye. Sauran rabin nake so in cike a nan.

Bari mu fara da sanin ruwan namu. Gulbin Rima ya biyo ta Goronyo, ya wuce ta fadamar Wurno, ya haɗu da gulbin Sakkwato wanda ya biyo ta Rabah, sannan suka miƙa tare zuwa Argungu. Idan damina ta kankama ruwa ya yi ambaliya ya shiga fadamu, a lokacin ne tarwaɗa da karfasa da sauransu ke bin sabon ruwa su zuba ƙwai cikin ciyawa. 'Ya'yan su girma a nan inda abinci yake da yawa, in ruwa ya fara janyewa wasu su koma gulbi, wasu su maƙale a tafkuna. Kin ga ke nan ɗan kifin da yaro ya tace da gidan sauro a kaka, shi ne zai zama uwar kifin baɗi.

Sannan gulbin yau ba shi ne na kakanninmu ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. Madatsun nan sun kawo noman rani da ruwan sha, babu musu, amma sun rage ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta a garuruwan da ke ƙasa da su. Ta Goronyo an gina ta ne ta ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942, amma a 2018 ruwanta ya janye har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. Duk wanda ya ga wannan shekara ya san ruwa ma yana iya ƙarewa, balle abin da ke cikinsa.

Masu shiga ruwa a wurinmu iri biyu ne. Akwai masunta na gado, waɗanda su ne sana'arsu, da shi suke ci da iyali. Akwai kuma 'ya'yanmu da mazajenmu da ke zuwa fatsa ranar hutu, ko su ɗauki homa su bi jama'a ranar da aka buɗe tafki, don nishaɗi da samun na miya. Nishaɗi ba laifi ba ne. Ni kam na fi son yaro ya wuni a bakin ruwa da ƙugiya a kan ya wuni a majalisar banza. Tambayar ita ce: abin da ba mallakar mutum ɗaya ba, shin kowa yana da damar ya yi yadda ya ga dama da shi?

Da yawanmu haka muka ɗauka. Akuyar gida tana da mai ita, shi ya sa ba wanda zai yanka ta tana da ciki. Kifi kuwa "na Allah ne", sai a kwashe da mai ƙwai da ɗan jariri. Amma idan muka duba da kyau, cewa abu na kowa ne ba ya rage masa masu haƙƙi, ƙara su yake yi. Ya zo a hadisi cewa Musulmi suna tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Wanda ya ɓata akuyar maƙwabcinsa, mutum ɗaya zai nema wa yafiya. Wanda ya zuba guba a tafki fa, wa da wa zai bi? Akwai makiyayin da shanunsa suka sha, akwai matar da ta ɗebo ta dafa tuwo, akwai masuncin da ya yi wata uku yana jefa birgi yana jawo ciyawa, akwai kuma jikokin da ba a ma haifa ba. Wannan bashi ne da ba a san inda za a kai biyansa ba sai ranar hisabi.

Maganar guba ba ƙirƙira ba ce. Tun da can akwai masu daka ganyen magimfa su zuba a ruwa, daga baya aka koma ga magungunan ƙwari na gona, irin su Gamalin. Sinadarin da ke cikin Gamalin ɗin nan, a 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubar da aka amince a daina yi da amfani da ita a gona, saboda yana daɗewa bai lalace ba kuma yana taruwa a jikin mutum. Ki duba, shi ne wani zai tuttula a ruwa, kifi ya taso yana iyo a sama, a kwaso a yi banda a kawo mana, mu kuma mu sa wa mai ciki da mai goyo a miya. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ta hana kamu da guba, da nakiya, da wutar lantarki, ta kuma hana taru mai ido ƙasa da milimita 76, wato kusan inci 3, ban da wasu 'yan keɓaɓɓun nau'o'in taru. To ina idon gidan sauro a wannan awo? Ga shi kuma an jiƙa shi da maganin sauro, an ba mu shi kyauta a wurin awon ciki don ya kare yaranmu daga zazzaɓi. Sai mu yi hasara biyu: sauro ya ciji yaro da dare, gulbi kuma ya rasa irinsa.

Na san akwai abin da za a ce, kuma ba zan raina shi ba. Na farko, za a ce talauci ne. Gaskiya ne, kuma ni ba zan zauna a inuwa in yi wa mai yunwa wa'azin ƙoshi ba. Mutumin da 'ya'yansa suka kwana ba su ci ba, ba a haɗa shi da saurayin da ya cika bokiti don abokai su yaba masa. Amma mu tambayi kanmu, idan ruwa ya mutu wa zai fara kuka? Mai kuɗi zai sayi kaza ko kifin gidan gona. Talakan nan dai shi ne zai rasa. Manomi komai yunwar bazara ba ya taɓa irin shuka, don ya san cinye iri ba maganin yunwa ba ne, ɗage ta ne zuwa baɗi ta dawo da ƙarfinta.

Na biyu, za a ce, "In ban kama ba wani zai kama." Wannan ita ce hujjar da ta fi wuyar turewa, domin akwai gaskiya a cikinta: haƙurin mutum ɗaya ba ya cika gulbi. Shi ya sa magabata ba su bar abin ga zuciyar kowa ba, suka naɗa Sarkin Ruwa, suka sa wa tafkuna ranar buɗewa, wanda ya riga ranar a hukunta shi. Ku dubi Argungu, inda ruwan namu yake gangarawa. Bikin kamun kifin da ya samo asali a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, sirrinsa shi ne ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki. Giwan ruwan da ake ɗagawa ana ɗaukar hoto, haƙurin jama'a ne ya girmar da shi. A Ingila ma, masu fatsa don nishaɗi sai da lasisi, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana su kama yawancin kifayen koguna, don lokacin zuba ƙwai ne. Amma ko babu mai tsaro, 'yar uwa, laifin wani ba ya zama izini gare ni. Kowa kabarinsa daban.

Na uku, za a ce arziki na Allah ne, kifi ba ya ƙarewa. Lallai taskar Allah ba ta ƙarewa, amma Shi ne ya hana ɓarna da almubazzaranci, har an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya hana ɓarnar ruwa a alwala ko da mutum yana bakin kogi mai gudana. Mutanen gabashin Kanada sun shekara ɗaruruwa suna kamun wani kifin teku suna ganin ba zai taɓa ƙarewa ba. A 1992 sai da gwamnati ta rufe kamun saboda kifin ya kusa ɓacewa, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi. Teku ke nan, ina ga tafkin da yaro ke ƙetarewa da iyo?

Ku tuna kuma da labarin da ke cikin Suratul A'araf, na mutanen wani gari a bakin teku da aka jarraba da hana kamun kifi ranar Asabar. Malaman tafsiri sun ce dabara suka yi, su kafa tarko tun Juma'a su kwashe ranar Lahadi. Hukuncin Asabar ba namu ba ne, amma akwai darasi: garin ya rabu uku, masu yi, da masu hani, da masu cewa ina amfanin yi wa waɗannan magana. Waɗanda aka ambata da tsira a fili su ne masu hani. To mu mata, a wane rukuni muke?

Kada wata ta ce ai mu ba ma shiga ruwa. Ba ma shiga, amma mu ne kasuwar. Mu ke saye, mu ke soyawa, mu ke banda, mu ke aika yara talla. Mu ne kuma muke guɗa in yaro ya shigo da bokiti, ba tare da mun leƙa ciki ba. Don haka ga 'yan shawarwari, ina fara yi wa kaina:

1. Gidan sauro na gado ne. In ya tsufa a ɗinke shi, kada a ba yaro ya kai ruwa.

2. Ki koya wa ɗanki awo. Kifin da bai isa ci ba, ko mai ciki cike da ƙwai, a zare ƙugiya a hankali da jiƙaƙƙen hannu a mai da shi ruwa tun da ransa. Ya kamo abin da gida zai ci ya tashi. An yi gargaɗi a hadisi game da kashe ko da ɗan tsuntsu don wasa kawai, ba don ci ba.

3. Tsinkakken zare da yagaggen taru da leda, a kwaso su a dawo da su gida. Taru da aka yar a ruwa yana ci gaba da kisa ba mai amfana.

4. Idan kin san mutum da magani yake kamu, kada ki sayi kifinsa komai arha. Mu da ke sana'ar banda kuma, mu haɗa baki mu daina karɓar 'yan ƙanana. Ranar da aka rasa mai saye, ranar za a daina kawowa.

5. Maigida kuwa, a yi masa magana da ladabi, a lokacin da ya dace. Ki ce, "Malam, ina jin tsoron kada mu ci haƙƙin jama'a." Sau da yawa magana mai taushi a ɗaki ta fi doka aiki.

Ɗan yayata har yanzu yana zuwa tafki. Na saya masa ƙugiya da zare, na kuma yanko masa ɗan kara mai tsawon taƙi ɗaya, na ce duk wanda bai kai wannan ba ba naka ba ne tukuna. Ran farko ya dawo da tarwaɗa biyu yana ɓata rai, wai abokansa sun yi masa dariya don ya saki guda shida. Kakarsu ta kira shi ta sa masa albarka. Ɗalibar nan kuma na koma na ce mata ta yafe min, amsata ta farko ba ta cika ba: kifi halal ne, amma cutar da mutane haram ce, kuma wanda ya san akwai guba a abinci bai halatta ya ci ko ya ciyar da iyalinsa ba.

Allah ya sa mu iya riƙon amanar da ya damƙa mana, ya albarkaci ruwayenmu da gonakinmu, ya shirya mana zuriya. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.