Tocila a Aljihu da Ma'anar Tawakkali

Wasu na ganin mutumin da ba ya fita sai da ƙaramar tocila a aljihu tawakkalinsa ne ya yi rauni, tunda abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa sai ya auku. Wannan fahimta ta karkace. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa kuma ya dogara ga Allah, wato riƙon sababi yana cikin tawakkali. Mai tafiya masallaci da asuba an ɗauke wuta ga kwata a buɗe, ko manomin Kaltungo da kububuwa ke kwance a hanyarsa, idan ya haska gabansa amanar jikinsa ya kiyaye.

Za a ce ai wani da tocilar a hannu maciji ya sare shi. Haka ne, domin sababi ba ya tunkuɗe ƙaddara. Abin da aka ɗora wa bawa ƙoƙari ne: ya zaɓi tocila mai riƙe caji, marar nauyi, wadda ɗaukarta kullum ba za ta gundure shi ba. Sakamako kuwa ya bar wa Allah, domin a wurinSa kariya take.