Kaza da Ƴaƴanta: Karatun Haske Ba Duba Ba Ne

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙawata sama da taurari, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, wani ɗalibi ya same mu a nan Filato yana kuka, mahaifinsa ya hana shi karatun taurari, wai duba ne. Mun ga ya kamata mu amsa a bainar jama'a.

Malamanmu sun raba ilmin taurari gida biyu: ilmin ta'asiri, wato jingina arziki da ajali gare su, wannan haramun ne, da ilmin tasyiri, wato sanin tafiyarsu da halinsu, wanda da shi ake gane alƙibla da lokuta.

Ga misali. Da hunturu, bayan isha'i, wanda ya ɗaga kai a Yamai zai ga Kaza da Ƴaƴanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. Cikinsu akwai tauraro mai suna Pleione, haskensa kan yi tafiyar shekara kusan 440 kafin ya iso mana. Masana kan tsaga wannan haske da na'ura, ya bazu launi-launi kamar bakan gizo. Ga yawancin taurari, baƙaƙen layuka ake gani cikin launukan. Ga wannan kuwa, layin iskar haidirojin haskakawa yake yi. Angelo Secchi, wani malamin Kirista a Roma, shi ya fara ganin irin haka ga wani tauraro daban a 1866. A 1931 Otto Struve ya kawo dalili: tauraron na juyawa da tsananin gudu har iskarsa ta fita, ta kewaye ƙugunsa kamar faifai.

To, ta yaya aka san faifan na juyawa, alhali ido bai gan shi ba? Layin ne kan rabu biyu. Gefen faifan da ke tahowa wajenmu, haskensa ya karkata ga shuɗi; gefen da ke nisanta, ya karkata ga ja. Daga tazarar da ke tsakani ake lissafa gudunsa. Subhanallahi!

Alamar faifan Pleione ta ɓace a farkon ƙarni na 20, ta dawo a 1938. Halittar da mayafinta ke tafiya ya dawo ba da zaɓinta ba, ina ita ina sanin ranar auren wani?

Wannan shi ne abin da yaron yake son karantawa: awo da lissafi. Mun aika wa mahaifinsa cewa ya ƙyale shi, kuma muna jiransa bayan isha'i mu nuna masa Kazar.